Daga Ina Batun Ci Gaba Mai Ɗorewa Ya Samo Asali, Kuma Me Ya Sa Har Yanzu Ake Ja-in-ja a Kansa?

Mai tambaya ya ce kullum yana jin kalmomin "ci gaba mai ɗorewa" a bakin shugabannin ƙasashe da bankuna da manyan kamfanoni, har da waɗanda sana'arsu ita ce haƙar kwal da man fetur, don haka yana son ya san wanda ya fara kawo wannan magana, da lokacin da ta zama manufar duniya, da kuma ko tana da tsayayyiyar ma'ana ko kuwa adon jawabi ce kawai. Abin da zan fara faɗa masa shi ne, wannan magana sulhu ce da aka ƙulla a teburin siyasa tsakanin ɓangarori biyu masu buƙatu daban: ƙasashe masu arziki da suka tsorata da ɓarnar da masana'antunsu suka yi wa muhalli, da ƙasashe masu tasowa da suka ƙi yarda a hana su bin hanyar da waɗancan suka bi har suka yi arziki. Wanda ya riƙe wannan a zuciyarsa zai fahimci dalilin da ya sa kusan kowa ya amince da maganar, da dalilin da ya sa kowa yake fassara ta yadda za ta yi masa daɗi.

Tushen tunanin ya girmi Majalisar Ɗinkin Duniya nesa ba kusa ba, kuma daga daji ya fito. A shekarar 1713 wani jami'in kula da ma'adinai a yankin Saxony na ƙasar Jamus ta yau, Hans Carl von Carlowitz, ya wallafa littafi a kan kiwon daji, saboda ya ga mahaƙar azurfa ta Freiberg tana cinye itatuwan da ake tokare ramuka da su da waɗanda ake ƙonawa wajen narkar da ƙarfe, har ta kai ga itace ya fara wuya. Shawararsa ita ce kada a sari abin da ya wuce wanda dajin zai iya mayarwa, kuma a riƙa dashe. Ya kamata a lura cewa damuwar mutumin nan ba ta tsuntsaye ko kyawun daji ba ce, tsoronsa shi ne kada harkar azurfa ta tsaya. Wato tun daga farko tunani ne irin na mai dukiya da ya san bambancin uwar kuɗi da riba: ana cin riba, a bar uwa ta ci gaba da haihuwa.

Ɗaya rabin maganar, wato "ci gaba" a matsayin aikin da duniya ta ɗora wa kanta, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama. A jawabinsa na kama mulki a watan Janairun 1949, shugaban Amurka Harry Truman ya yi maganar taimaka wa yankunan da ba su ci gaba ba da fasaha da jari, kuma a shekarun da suka biyo baya, yayin da ƙasashen Afirka da Asiya suke samun 'yancin kai, ma'aunin ci gaba guda ɗaya ne aka sani, shi ne ƙaruwar abin da tattalin arzikin ƙasa yake samarwa a shekara. Madatsar ruwa, masana'antar ƙarfe da hayaƙin da ke tashi daga bututun kamfani su ne alamun cewa ƙasa ta kama hanya.

A ƙasashen da suka riga suka yi nisa ne aka fara ganin illar. A garin Minamata na Japan an gano a 1956 cewa mutane suna shanyewa suna mutuwa saboda cin kifin da sinadarin zaiba daga wata masana'anta ya gurɓata. A 1962 masaniyar halittu Rachel Carson ta fito da littafin da ya nuna yadda maganin ƙwari na DDT yake taruwa a jikin tsuntsaye da kifaye. Ita kuwa Suwidin ta lura tafkunanta suna tsami, kifayensu suna ƙarewa, saboda ruwan sama mai ɗauke da guba daga hayaƙin masana'antun wasu ƙasashen Turai, abin da ya nuna mata cewa dokar cikin gida ba ta isa ta kare ta ba. Wannan na daga cikin abin da ya sa a 1968 ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro a kan muhalli.

A nan ne labarin ya fara zama na siyasa, kuma a ganina nan ne ya kamata mai nazari ya daɗe. Ƙasashe masu tasowa da dama sun kalli gayyatar da zargi. Brazil ce ta fi ɗaga murya, tana ganin cewa waɗanda suka sare dazuzzukansu suka ƙona kwal na tsawon ƙarni biyu ne yanzu suke son su kafa wa na baya dokoki. Da shugaban shirya taron, Maurice Strong ɗan Kanada, ya ga alamar za a ƙaurace masa, sai ya tara masana daga ɓangarorin biyu a ƙauyen Founex na Suwizalan a watan Yunin 1971. Rahoton da suka fitar ya ce matsalar muhalli iri biyu ce, akwai wadda yawan masana'antu yake haifarwa, akwai kuma wadda talauci yake haifarwa, kamar rashin tsaftataccen ruwan sha da zaizayar ƙasa da cunkoson unguwannin marasa galihu, kuma maganin ta biyun shi ne ƙarin ci gaba. Wannan dabara ce ta ceci taron. An yi shi a Stockholm daga 5 zuwa 16 ga Yunin 1972, ƙasashe 113 suka halarta, Tarayyar Sobiyat da yawancin ƙawayenta suka ƙi zuwa saboda an hana Jamus ta Gabas cikakken wakilci. Firaministar Indiya Indira Gandhi ta tsaya ta tambayi mahalarta ko ba talauci da rashi ne suka fi komai gurɓata muhalli ba. Daga taron aka kafa Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka ajiye hedkwatarta a Nairobi, kuma ƙa'ida ta 21 ta sanarwar taron ta haɗa abubuwa biyu a jimla ɗaya: kowace ƙasa tana da ikon cin gajiyar albarkatunta yadda ta ga dama, amma da alhakin kada aikinta ya cuci muhallin wata. Duk taƙaddamar shekaru hamsin da suka biyo baya tana ƙunshe a cikin wannan jimla.

A wannan shekarar ce kuma wasu masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka, ciki har da Donella Meadows da Dennis Meadows, suka fitar da rahoton da ƙungiyar Kulob ɗin Rum ta ɗauki nauyinsa, inda suka yi amfani da kwamfuta suka nuna cewa idan yawan jama'a da masana'antu da gurɓacewa suka ci gaba da ƙaruwa yadda suke, duniya za ta ci karo da iyakarta cikin shekara ɗari. Masana tattalin arziki da yawa sun soki rahoton, ƙasashe matalauta kuwa suka ji shi tamkar an ce a rufe ƙofa bayan wasu sun riga sun shige. Don haka duk wanda yake son a saurare shi a zauren duniya dole ya nemo lafazin da zai ambaci iyaka ba tare da ya ce a daina haɓaka ba. An gwada wasu kalmomi a shekarun 1970 ba su kama ba. A 1980 ne "ci gaba mai ɗorewa" ya fito fili a wata takardar manufa ta duniya a kan kare halittu, wadda Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta shirya tare da hukumar Nairobi da asusun kare namun daji na WWF, sai dai takardar ta fi ƙarfi a kan dabbobi da tsirrai, ba ta shiga batun ciniki da bashi ba.

Wanda ya mayar da maganar ta kowa da kowa shi ne kwamitin da Babban Zauren Majalisar ya kafa a 1983 ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta Norwe, likita kuma 'yar siyasar da ta riƙe ministar muhalli da firaminista, tare da Mansour Khalid na Sudan a matsayin mataimaki. Yawancin mambobin daga ƙasashe masu tasowa suke, kuma sun zaga nahiyoyi suna sauraron jama'a a bainar kowa. Suna cikin aikin ne yunwa ta afka wa Habasha da yankin Sahel, iskar guba ta kashe dubban mutane a Bhopal ta Indiya a Disambar 1984, sannan tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a Afrilun 1986. Rahotonsu na 1987 ya ce ci gaba mai ɗorewa shi ne wanda yake biyan buƙatun mutanen yau ba tare da ya tauye wa na gobe ikon biyan nasu ba.

Wannan jimlar kowa ya haddace ta, amma kaɗan ne suke karanta abin da ya biyo bayanta. Rahoton ya ce akwai ginshiƙai biyu a cikinta, na farko buƙatu, musamman buƙatun talakawan duniya waɗanda ya ce su ne za a sa a gaba da komai, na biyu kuma iyaka, amma iyakar da matakin fasaha da tsarin al'umma suke sa wa muhalli, wato iyakar da za ta iya matsawa idan fasaha ta ƙaru. Sannan ya yi kira da a shiga sabon zamani na haɓakar tattalin arziki, har ya yi hasashen cewa abin da masana'antun duniya suke samarwa zai iya ninkawa sau biyar zuwa goma. Da wannan ne kowa ya sami rabonsa. Mai kare daji ya ji an ambaci na gobe, ministan kuɗi na ƙasa matalauciya ya ji an sa talaka a gaba, ɗan kasuwa ya ji ba a ce ya rage ba. Masanin tattalin arziki Herman Daly ya ƙi yarda, yana cewa haɓaka marar iyaka a duniya mai iyaka abu ne da ba zai yiwu ba, kuma dole a bambance ƙaruwar yawa da kyautatuwar rayuwa. Ni ina ganin sukarsa tana da tushe, amma ina ganin kuma da kwamitin ya rubuta abin da Daly yake so, da babu gwamnati goma da za su sa hannu.

Taron Rio de Janeiro na watan Yunin 1992 shi ne ƙololuwar wannan sulhu. An gama yaƙin cacar baka, fiye da shugabannin ƙasashe ɗari sun hallara, kuma ana da misalin nasara a hannu, domin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 a kan sinadaran da ke cinye rufin ozon, wato iskar sararin sama da ke tare haskokin rana masu cutarwa, ta kama aiki, musamman bayan da aka kafa mata asusu a 1990 don biyan ƙasashe masu tasowa kuɗin sauya fasaha. A Rio aka amince da sanarwa mai ƙa'idoji 27 da kundin aiki mai babi 40 da ake kira Ajanda 21, aka buɗe rattaba hannu a kan yarjejeniyar sauyin yanayi da ta kare nau'o'in halittu, aka kuma share fagen yarjejeniyar yaƙi da kwararowar hamada wadda ƙasashen Afirka suka matsa a kanta, aka kammala ta a 1994. Ƙa'ida ta 7 ita ce zuciyar cinikin: alhakin na kowa ne, amma nauyin ba ɗaya ba ne, wanda ya fi ɓarna kuma ya fi hali shi zai fi ɗauka.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Sakatariyar taron ta ƙiyasta cewa aiwatar da Ajanda 21 a ƙasashe masu tasowa zai ci sama da dala biliyan 600 a shekara, wanda kusan biliyan 125 daga ciki ake sa ran su fito daga waje a matsayin tallafi ko rance mai sauƙi. Ƙasashe masu arziki sun sake nanata tsohon alkawarin 1970 na ba da kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu a matsayin agaji, amma abin da ya faru shi ne agajin ya sauka daga kusan kashi 0.33 a 1992 zuwa kusan 0.22 a 1997. Amurka ba ta taɓa tabbatar da yarjejeniyar kare nau'o'in halittu ba, haka ma Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 a kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. A daidai wannan lokaci ƙasashe da dama na Afirka da Latin Amurka suna ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, wanda yake tilasta musu rage kashe kuɗi da ƙara fitar da katako da ma'adinai da amfanin gona don biyan bashi. Hukumar da aka kafa don bin diddigin alkawuran Rio ba a ba ta ikon hukunta kowa ba, alhali Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da aka kafa a 1995 an ba ta shi. Wannan bambancin haƙora ya fi duk wani jawabi bayyana abin da duniya ta ɗauka da muhimmanci.

Akwai abin da ya faru makonni ƙalilan bayan taron Rio wanda nake yawan kawowa, domin yana nuna cewa sanin ƙa'idar Carlowitz daban, aiki da ita daban. A gaɓar Newfoundland ta Kanada an shafe kusan shekara ɗari biyar ana kamun kifin kod. Da manyan jiragen kamun kifi masu na'ura suka shigo, abin da aka kama a 1968 kaɗai ya kai kusan tan 810,000. Kanada ta karɓe ikon ruwan har mil 200 a 1977, tana da masana, tana da ƙididdiga, tana tsayar da adadin da za a kama kowace shekara da sunan kamu mai ɗorewa. Amma ƙiyasin ya zarce gaskiya, masu ƙananan jiragen bakin gaɓa suna ta cewa kifin yana ƙanƙancewa yana raguwa ba a saurare su ba, 'yan siyasa kuma suna tsoron rage adadin saboda ayyukan yi. Ranar 2 ga Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum kusan 30,000 suka rasa abin yi, kuma rufewar da aka ce ta shekara biyu ce sai da ta haura shekara talatin. An ci uwa ana tsammanin riba ake ci, kuma ba jahilci ko talauci ne ya jawo ba.

Wannan ne ya kai mu ga saɓanin da masana suka kasa warwarewa. Wasu, a kan tafarkin masana tattalin arziki Robert Solow da John Hartwick, suna cewa ba laifi ba ne a ƙarar da wata albarkar ƙasa matuƙar an juya kuɗinta zuwa wata dukiyar, kamar makarantu da hanyoyi da jari, ta yadda jimillar abin da za a bar wa na baya ba ta ragu ba. Norwe ta yi haka da asusun man fetur da ta kafa a 1990. Tsibirin Nauru da ke tekun Pasifik ya gwada haka da kuɗin ma'adinin fosfat, aka haƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasarsa, asusun kuma ya lalace a hannun masu kula da shi, aka tashi babu tsuntsu babu tarko. Wasu kuma suna cewa akwai abubuwan da babu kuɗin da zai maye gurbinsu, kamar daidaiton yanayi da nau'in halittar da ta ƙare. Zancen ginshiƙai uku da ya yaɗu a shekarun 1990, wato tattalin arziki da jama'a da muhalli, ya lulluɓe wannan saɓani ne kawai, domin bai faɗi wanda za a fifita ba idan biyu suka yi karo.

Shekarun da suka biyo baya ba sa buƙatar dogon bayani. Muradun ƙarni na shekarar 2000, su takwas, sun fi karkata ga talauci da lafiya da ilimi, muhalli ya sami guda ɗaya, kuma an tsara su ne don ƙasashe matalauta su cika, masu arziki su tallafa. An cim ma burin rage tsananin talauci da rabi kafin wa'adin 2015, amma kaso mai yawa na nasarar daga Sin ya fito, ta hanyar masana'antun da kwal yake turawa, wanda shi kansa ya isa ya nuna wuyar haɗa buri biyun. Taron Johannesburg na 2002 bai kawo sabon ciniki ba, na Kopenhagen a 2009 kuma ya watse da alkawarin ƙasashe masu arziki na samar wa masu tasowa dala biliyan 100 a shekara zuwa 2020 don tinkarar sauyin yanayi, wanda bisa lissafin OECD, ƙungiyar ƙasashe masu ci gaban tattalin arziki, sai a 2022 aka cika shi.

Sabon abu ya zo ne daga inda ba a zata ba. Gabanin taron cika shekara ashirin da Rio a 2012, wata jami'ar diflomasiyyar Kolombiya, Paula Caballero, ta kawo shawarar a tsara muradu da za su hau kan kowace ƙasa, mai arziki da matalauciya, Guatemala ta mara mata baya. Kwamitin da Macharia Kamau na Kenya da Csaba Kőrösi na Hungari suka jagoranta, inda ƙasashe 70 suka raba kujeru 30 a tsakaninsu, shi ya tsara daftarin, kuma a Satumbar 2015 ƙasashe 193 suka amince da muradu 17 masu ɗauke da burika 169 zuwa shekarar 2030. A Disambar shekarar aka ƙulla Yarjejeniyar Paris ta riƙe ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2, da ƙoƙarin tsayawa a 1.5. Cewa Jamus da Japan ma suna da aikin gyara a gida babban sauyi ne, ba na raina shi. Amma tsohon sulhun yana nan yadda yake: muradi na 8 yana neman haɓakar aƙalla kashi 7 cikin ɗari a shekara ga ƙasashe mafiya talauci, na 12 da na 13 suna neman a rage ɓarnar kaya da hayaƙi, kuma rahoton da kowace ƙasa take kaiwa hedkwatar Majalisar a New York na ganin dama ne, ita take rubuta wa kanta sakamako.

To, ado ne kawai? Ba zan ce haka ba. Saboda wannan magana ne tantance illar aiki ga muhalli ya zama sharaɗin manyan ayyuka a yawancin ƙasashe, rufin ozon yana farfaɗowa, farashin lantarkin hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma ƙasashe masu tasowa sun sami hujjar da suka tsaya a kanta har aka amince da asusun biyan asara da ɓarnar sauyin yanayi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022. Sai dai inda cinikin ya taɓa aljihu da makamashi, tsugune ba ta ƙare ba. Hayaƙin da ake fitarwa daga ƙona kwal da mai da gas ya tashi daga kusan tan biliyan 22 a shekarar taron Rio zuwa kusan biliyan 37 a 2023. Hukumar ciniki da ci gaba ta Majalisar ta ce a 2023 giɓin kuɗin cim ma muradun a ƙasashe masu tasowa ya tashi daga dala tiriliyan 2.5 zuwa kusan tiriliyan 4 a shekara, kuma mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi ya fi abin da suke kashewa a kan ilimi ko lafiya. Rahoton Majalisar na 2024, saura shekara shida wa'adi ya cika, ya nuna kashi 17 cikin ɗari ne kawai na burikan suke kan hanya.